Ɗan Hajo da Ba a Ƙirga Ba

Ku matso nan, ku kife wayoyin nan a cinya tukuna. Tun ranar da na ji ɗayanku yana cewa rabon gado ba sana'a ba ce, wai lamba ce kawai ka danna a salula ta ba ka amsa, na ƙudura sai na zaunar da ku. Shekara arba'in da 'yan kai ina wannan aiki tsakanin Gazawa da Agiye. Na raba gonaki, na raba rumbuna, na raba jaki ɗaya tsakanin mutum tara, kuma har gobe in aka aiko kirana sai gabana ya faɗi. Salula ta fi ni saurin ninkawa, ban musa ba. Sai dai ba ta san wanda za ta tambaya ba.

A Tibiri na koya, a hannun Malam Gambo, Allah ya jiƙansa. Shekara shida na yi a zaurensa. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: rairayi mai laushi da ake shimfiɗawa a ƙofar zaure, tsinken rubutu, ƙwallayen aduwa na ƙirga kawuna, da doguwar igiyar kaba ta awon gona. Kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, daga baya suka zo. Shekara biyun farko ko sunan magaji bai bari na ambata ba, adadi ne kawai safe da yamma. In na yi kuskure ba ya nuna mini inda yake. Ƙafa zai sa ya share rairayin duka, ya ce, "Sake," ya ci gaba da taunar goronsa. Akwai ranar da na sake sau tara, har na ji kamar in kwashi rairayin in watsa masa a gemu.

Abin da ya dasa mini shi ne halin adadi. Aikin duka ɗaya ne: ka nemo adadin da in ka yanka dukiya gida-gida da shi, kowane magaji zai ɗauki nasa cikakke, ba gutsure. Kafin ka kai can sai ka san yadda adadi biyu ke zama da juna, kuma hali huɗu ne ba na biyar. Ko su zama daidai, shida da shida, ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Ko ƙaramin ya shige cikin babban ba saura, huɗu da sha biyu, ka ɗauki babban. Ko su jitu a wani wuri, kamar shida da takwas da duk suna da rabi, sai ka ninka rabin wannan da wancan. Ko kuma su ƙi juna ƙiri-ƙiri, kamar bakwai da uku, to nan ba dabara, sai ka ninka su gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda Malam ke kira kurame, irin su sha ɗaya da sha uku. Ba su da rabi, ba su da sulusi, ba su da rubu'i, ka bi har zuwa ushuri ba wanda suke amsawa. In kurma ya shigo maka lissafi, to ka gyara zama, adadinka zai kumbura.

Aikina na huɗu bayan na dawo gida shi ne gonar Idi, a wani ƙauye kudu da Gazawa. Idi ya rasu da shekara uku kafin nan, gonarsa tana hannun babban wansa, Baba Sanda, ana nomanta a haɗe yadda muka saba. Da suka ga lokacin rabo ya yi sai suka kira ni. Na zauna a zaure da maza, na tambaya wa mamacin ya bari. Suka ce matarsa Hajo, da ɗiya ɗaya, Rabi, da 'yan'uwansa maza biyar uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu duk sun riga shi. Na ce a raina wannan ai kamar shan ruwa ne. Mata tumuni, wato ɗaya cikin takwas, ɗiya rabi, saura na 'yan'uwa. Adadin arba'in ne: Hajo biyar, Rabi ashirin, kowane ɗan'uwa uku. Kafin fura ta iso na gama. Washegari muka ja igiya, na dasa gamba a kan iyakoki da hannuna, aka yi fatiha, na hau kekena ina jin kaina wani abu.

Damina goma sha biyu aka yi a kan wannan rabo.

Sai aka sake kirana gidan. Biyu cikin 'yan'uwan sun rasu, Ɗan Ladi tun da daɗewa, Mati kuma a kakar nan, ana so a raba wa iyalansu. Lokacin na ƙara hankali, ba na tsayawa a bakin maza kaɗai. Na je ƙofar cikin gida na tsaya, mata suna zaune a inuwar rumbu, na tambayi matar Mati ko akwai ciki, ko akwai wanda aka haifa bayan rasuwar ya koma. Ta ce babu. Sai wata tsohuwa da ke ɓarar gyaɗa a gefe, Gwaggo Kande ungozomar garin, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba:

"Yau ka iya tambaya, Malam. Lokacin Idi ba ka yi ta ba."

Na ce, "Gwaggo, wace tambaya?"

"Ta ciki mana. Hajo da ciki Idi ya bar ta. Ni na karɓi yaron, namiji, da muryarsa kamar ta ɗan wata uku. Da hantsi ya zo, kafin azahar ya koma."

Ku da kuka tashi a nan kun san al'adarmu. Jaririn da ya koma kafin ranar suna ba a sa shi a lissafi. Ba zaman makoki, ba taro, dattijo ɗaya ko biyu su kai shi, a ce wa uwar ta yi shiru Allah zai mayar mata. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, ba za ta ƙirga da shi ba. Mazan nan ba ƙarya suka yi mini ba. Ranar ma suna gona, tsakiyar noma ne, da suka dawo aka ce musu ya koma, shi ke nan. Amma a shari'ar gado, jaririn da ya fito ya yi kuka magaji ne cikakke. Namiji ne kuma, saboda haka 'yan'uwan Idi ba su da ko taki ɗaya a gadon Idi. Abin da za su samu sai ta hannun jaririn, a matsayin baffanninsa, bayan uwarsa da yayarsa sun ɗauki nasu. Malam Gambo ya koya mini wannan tambaya tun ina da ɗanyen gemu. Ni ne ban yi ta ba, don na ga lissafin ya zo da sauƙi.

Na naɗe igiyata na ce rabon Mati sai wani jiƙon. Na wuce wajen Hajo. Na same ta a ɗan tsakar gidanta tana sussukar geron wasu, don ɗan siririn yankin da na ba ta ba ya kai ta ko tsakiyar rani. Da damina ƙwadago take zuwa a gonakin mutane, har da wadda ya kamata a ce tata ce. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da na ji, da abin da yake nufi.

Ta ce, "Malam, bar maganar nan. Muna zaune lafiya da su."

Na ce, "Hajo, in kin ga dama ki ba su kyauta, ba mai hana ki. Amma sai kin san abin da yake naki tukuna, sannan ki bayar. Abu ɗaya nake tambaya. Ya yi kuka?"

Ta jingine taɓarya a jikin turmi. Sannan ta ce, "Ya yi. Sau uku. Ba wanda ya taɓa tambayata sai yau."

Da safe na je zauren Baba Sanda. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi. Rabon gonar Idi da na yi muku, na yi kuskure."

"Kuskuren mi, Malam?"

Na warware masa. Tun ban kai ƙarshe ba ya daina ce mini Malam.

"Habu, da hannunka ka dasa gambar nan! Shekara sha biyu muna zuba taki, mun raini gawo har ya yi inuwa. Yanzu marayun Ɗan Ladi da na Mati za ka ce wa su tashi? A kan abin da ko rago ba a yanka masa ba?"

Na ce, "Baba, wallahi ni ma ban so ba, kuma laifin nawa ne ba naku ba. Amma ya yi kuka."

"To ka je ka kawo kukan mu ji."

Maganarsa game da marayun ta cije ni, ba zan ɓoye muku ba. Yara goma sha biyar ne a gidajen nan biyu. Amma ban ga yadda zan ciyar da maraya da haƙƙin gwauruwa ba, kuma ni na ɗaura wannan ƙulli, ni zan kwance shi.

Magana ta je gaban mai gari, mai gari ya tura mu fadar sarki. Alƙalin fada ya saurara, ya ce kukan jariri sai da shaidar mata biyu, kuma Hajo ba ta shiga ciki tunda ita za ta ci amfanin. Gwaggo Kande ɗaya ke nan. Na tambaye ta wa kuma yake ɗakin. Ta ce wata Bafulatana mai tallar nono, Dije, da ta shigo da ƙwaryarta aka ce ta ajiye ta riƙe mai naƙuda. Rugarsu ta tashi daga yankin tun shekaru, an ce sun yi yamma. Alƙali ya ce in ruwa ya sauka aka yi shuka, ba mai taɓa iyaka sai bayan girbi, kuma Gwaggo Kande ta haura tamanin. Na gane abin da yake nufi.

Wannan ce mummunar shekarata. Labari ya bazu cewa Malam Habu ya ɓata rabo, kuma daga nan ba wanda ya sake aiko kirana. A masallaci a miƙo mini yatsu biyu a janye. Wasu suka ce Hajo ce ta saye ni, da me, oho. Gidajen da na taɓa yi wa rabo suka fara gunaguni, ban jira sun zo ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, gida goma sha huɗu, na tsaya a ƙofar mata na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ban sake samun kuskure ba, amma na sha kunya har na ƙoshi. Ranakun kasuwa kuma keke na hawa. Na je karar shanu ta Agiye ina tambayar rugar mijin Dije, aka ce in gwada Sae Sabuwa. A can wani dillali ya aika ni wajen wata Dije da ba ita ba, tafiyar yini guda a banza. Tayar keke ta fashe na cusa mata tsumma na ci gaba. Sai a kasuwar Cadakori wani ardo ya ce ya san su, suna can cikin ƙasar Gidan Rumji kusa da wata rijiya. Lokacin zafi ya kai maƙura, har gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma.

Na same ta tana kaɗa nono a gindin kalgo. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni.

"Modibbo, yaron Hajo kake nufi? Ina mantawa? Ya yi kuka har na yi dariya, na ce wannan daga nesa zai kira shanu. Washegari na kawo ma uwar man shanu, na iske gidan shiru. Da manna na koma."

Mijinta ya ce ba ya son matarsa a fada. Kwana biyu na yi a rugar ina lallashi, sai da ardo ya sa baki. Ranar kasuwa muka shiga mota tare.

A fada matan biyu suka ba da shaida, kowace ita kaɗai, magana ta zo ɗaya. Alƙali ya ce in fitar da lissafi a gaban kowa. Baba Sanda ya zo da mushen lakol, wato malamin makarantar boko na garinsu, da kayensa da bik, don ya kama ni in na zame. Na ji daɗin haka. Na sa aka share ƙasa, na tsuguna.

Ku bi ni sannu a hankali, nan ne aikin. Mutuwa huɗu ce a kan gona ɗaya. Ta Idi tukuna: asali takwas, Hajo ɗaya, saura bakwai tsakanin ɗa da ɗiya, namiji kashi biyu mace ɗaya, kai uku ke nan. Bakwai da uku sun ƙi juna, sai na ninka takwas da uku, ashirin da huɗu. Hajo uku, Rabi bakwai, jariri sha huɗu. Sai mutuwar jariri: uwa sulusi, yayarsa rabi, baffanni biyar su raba sudusin da ya rage, lissafinsa talatin ke nan. Sha huɗunsa da talatin sun jitu a rabi, na ɗauki sha biyar na ninka da ashirin da huɗu, ɗari uku da sittin. A nan Hajo tana da ɗari da sha biyar, Rabi ɗari biyu da goma, kowane baffa bakwai.

Sai Ɗan Ladi. Ya bar matarsa, da 'ya'ya maza huɗu, mata uku, kai goma sha ɗaya. Kurma ya shigo! Lissafinsa tamanin da takwas, ya ƙi jituwa da bakwai ɗinsa, dole na ninka duka. Adadi ya tashi dubu talatin da ɗaya da ɗari shida da tamanin. Sai Mati, matarsa, da 'ya'ya maza biyar, mata uku, kai goma sha uku. Wani kurman kuma. Lissafinsa ɗari da huɗu, amma ya jitu da kasonsa a tumuni, sai na ninka da sha uku kawai, na rubuta babba a ƙasa: 411840. Dubu ɗari huɗu da goma sha ɗaya da ɗari takwas da arba'in.

Mutane suka ɗauki salati. Wani ya ce, "Haba Malam, gonar da ba ta kai tafiyar shan taba ba za a yanka ta haka?" Mushe ya ce me ya hana a sa ɗigo a taƙaita, yadda ake yi a lakol. Na ce, "Mushe, bayan ɗigon nan wutsiya ce ba ta ƙarewa, kuma duk inda ka yanke ta, haƙƙin wani ka yanke. Ni yau ba na yanke na kowa." Sannan na auna masa adadin. Ƙarshensa sifiri, yana da rabi, yana da humusi da ushuri. Ka tara lambobinsa su ba ka sha takwas, saboda haka uku da tara sun shige shi. Huɗu, shida, takwas, sha biyu, duk sun shige. Sha ɗaya da sha uku, kuramen nan, a cikinsa suke kwance. Daga ɗaya har sha uku bakwai ce kaɗai ta ƙi, tana barin saura biyu. Kuma ba ya raguwa, na gwada, wanda duk ya fi shi ƙanƙanta sai ya gutsure kason wani. A cikinsa ƙaramar ɗiyar Mati, wadda ke goye a bayan uwarta, tana da ɗari biyar da talatin da tara cif. Mushe ya cika shafi uku yana gumi, ya tara kason kowa ya ga ya koma adadin daidai. Ya rufe kayensa ya ce, "Baba Sanda, ban ga inda zan kama shi ba."

Alƙali ya tambayi Hajo game da amfanin gonar na shekara sha biyu. Ta ce ta yafe, abin da aka ci an ci, yaran nata ne su ma. Ƙasar ce dai take so. Gidajen marayun kuwa suka zaɓi su ci gaba da noma nasu a haɗe, amma kowa ya san kasonsa a rubuce.

Awon ya kama ranar Talata da sassafe. Gonar Idi doguwa ce, kanta a jigawa, ƙafarta a ɗan kwari mai riƙe ruwa, don haka a tsaye ake tsaga ta, kowa ya samu tudu ya samu kwari. Igiya ba ta san dubu ɗari huɗu ba. Manyan kaso uku nake buƙata a ƙasa, su kuwa saba'in da biyu ta ishe su. Na shimfiɗa igiya iya faɗin gonar, na ninke ta biyu sau uku, na ɗauki ninki ɗaya na ninke shi uku, na sake ninke shi uku, na yanko sanda daidai tsawonsa. Haka na yi a kai, haka a ƙafa, don faɗinsu ba ɗaya ba ne. A tsohon rabo 'yan'uwa suna da sanda ashirin da bakwai, yau bakwai. Rabi ta tashi daga talatin da shida zuwa arba'in da biyu. Hajo daga tara zuwa ashirin da uku. Baba Sanda ya zo da hauyarsa. Bai gaishe ni ba, bai dube ni ba, amma shi da kansa ya tumɓuke tsohuwar gambar, tushe bayan tushe, har ƙarshen gona. Har ya bar duniya bai sake kirana Malam ba.

Da aka kafa turaku mutane suka fara watsewa, sai Hajo ta matso. Ta ce, "Malam, a cikin nawan nan, wane ne na wa?"

Ba a saba yi mini wannan tambaya ba, tunda duk hannu ɗaya zai shiga. Amma na ɗauki sanda na auna mata tara daga iyakar gabas, na ja layi da ƙafa. Na ce, "Wannan mijinki ya bar miki. Daga nan kuma zuwa gawon can, sanda sha huɗu, ɗanki ne ya bar miki."

Ta cire takalmi ta taka daga layin har gindin gawo, ta dawo.

"Duk wannan?"

"Duk."

"Ya fi na ubansa."

"Ya fi, Hajo."

Ta gyara ɗaurin zanenta, tana kallon filin. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Ashe dai ɗana ya yi mini gona."

Ba ta jira ruwa ba. A ranar ta koma gida ta ɗauko iri ta yi binne a busasshiyar ƙasa, kuma daga gindin gawon ta fara.